Izinin Allura

A shekarun da Nasaran Faransi suka fara zama daram a Damagaram, an gina wani ɗan gidan likita a Matamaye, ɗaki biyu da rumfa, can bayan kasuwa. Suna ne kawai gidan likita, don likitan kansa, wanda ake ce wa lokotoro, yana Damagaram, tafiyar yini da rabi ga doki mai ƙarfi. Sau ɗaya a wata biyu yake leƙowa, shi ma in ya ga dama. Wanda ke wurin kullum shi ne Dawuda mai jinya, ɗan ƙasar, wanda kowa ke kira Majo, sunan da ake kiran masu jinya da shi.

Shekara goma sha ɗaya Dawuda ya yi yana bin likitocin Nasara, tun yana wanke musu almakashi har ya kai ga riƙe allura. A gaban idonsu ya yi allurar da ba ta ƙirguwa, kuma ko a hannun jinjiri ba ya neman jijiya sau biyu. Amma da aka aiko shi gida shi kaɗai, sai aka shata masa iyaka. Ya wanke gyambo, ya ɗaure rauni, ya ba da kinin, ya ɗiga maganin ido. Allura kuwa, sai lokotoro ya sa hannu a takarda.

A kusurwar ɗakin ciki akwai wani akwatin ƙarfe. An ɗaure shi da igiya, an ɗiga jan danƙo a kan ƙullin, an danna hatimi. A cikinsa akwai 'yan kwalabe shida na maganin dafin maciji. An ce wani majo a wani gari ya taɓa yi wa mutum wannan allura, mutumin ya faɗi nan take bai shura ba, shi ya sa aka kafa doka: wanda ya fasa hatimin ba takarda, a tuɓe shi, a kai shi gidan kaso. Ni dai har yau ban gane hikimar ajiye magani a wani gari, a ajiye izininsa a wani garin ba. Amma ba a tambaye ni ba, shi ma Dawuda ba wanda ya tambaye shi.

Kakar farko da akwatin ya yi a Matamaye, wani manomi daga Yauri mai suna Illa ya kawo ɗansa Inusa, saurayi ɗan shekara goma sha shida. Kububuwa ce ta sare shi a gindin damin gero. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san halinta. Ba ta kashewa nan da nan, sai ta bar mutum yana magana, yana shan fura, jini na tsiyaya daga dasashinsa da duk inda ya taɓa yin tabo, har kwana uku ko huɗu. Dawuda ya rubuta takarda ya ce a kai Damagaram.

Illa ya dubi takardar, ya dubi akwatin. Ya ce, "Majo, ba ga maganin can ba? Don girman Allah ka yi masa, ni na ɗauki alhakin."

Tsoro ne ya kama Dawuda, ba wani abu ba. Ya tuna gidan kaso, ya tuna shekara goma sha ɗaya. Kuma ba ya iya duban idon uba ya ce masa, ina tsoron aikina. Sai bakinsa ya kama abin da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Malam Illa, ka taɓa ganin laƙani ya ci ba da izinin malamin da ya ba da shi ba?"

Illa ya ce, "Ai ba ya ci."

"To na Nasara ma haka yake. In na yi masa ba izinin mai shi, ruwa ne kawai na zuba masa."

Wannan magana ce da kowa ya sani tun yana yaro, ko ayar da ke rubuce a allo, in ka ɗauka ka yi aiki da ita ba a ba ka izini ba, wahalar banza ka yi. Illa ya haye goɗiyarsa ya nufi Damagaram. A hanyar dawowa dabbar ta gaji liƙis, ya kwana da ita a Tirmini. Ya iso Matamaye da hantsin kwana na huɗu, takarda a cikin hularsa, ya tarar ana dawowa daga maƙabarta.

Abin da ya fi damun Dawuda shi ne Illa bai taɓa zarginsa ba. Kansa ya ɗora wa laifin. Duk inda ya zauna sai ya ce, "Kwanan Tirmini ne ya ci yaron nan." Kuma duk ranar kasuwa sai ya biyo ta gidan likita ya gaida Majo, wani lokaci da ƙwaryar nono, wani lokaci da 'yan ƙwan zabi, wai don ya tsaya a kan Inusa har ƙarshe. Dawuda yakan karɓa ya yi godiya. Bai taɓa iya cin ko ɗaya ba, maƙwabta yake ba.

Kaka ta zagayo. Ranar wata kasuwa, da hantsi, Dawuda na durƙushe a rumfa yana wanke wa wani tsoho gyambo, sai ga maza biyu ɗauke da yarinya a kan ƙyauren kara, wata tsohuwa na binsu tana salati. Tsohuwar ita ce Rahamatu, mahaifiyarsa, daga Dawce. Yarinyar kuwa Baiwa ce, 'yarsa ta fari, mai shekara goma sha biyu.

Sai an san yadda suke kafin a gane abin da ya yi. Tun da aka yaye Baiwa aka kai wa kakarta ita, kamar yadda ake yi da ɗan fari. Dawuda bai taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, bai taɓa kiran sunanta ba, "'yar Inna" yake cewa. Matarsa Habi ma haka. In yarinyar ta zo gaisuwar salla, uwar takan miƙa mata tuwo tana duban wani wuri. Ba rashin so ba ne, kunya ce, kuma wanda bai yi ta ba sai gari ya ɗauke shi da baki.

Don haka da aka ajiye ƙyauren, idon rumfa duka ya koma kansa, Dawuda ya ci gaba da wanke gyambon. Ya ɗaure shi tsaf, ya gaya wa tsohon ranar da zai dawo, ya wanke hannu. Sannan ya tashi.

Rahamatu ta ce, "Abin ƙasa ne ya taɓa ta, jiya da la'asar, muna tsintar gyaɗa. Wanzami ya tsaga wurin ya kafa ƙaho, to tun jiya tsagar ta ƙi tsayawa."

Ya duba ƙafar. Ta kumbura har gwiwa, tsumman da aka ɗaure ya jiƙe sharkaf. Ya ce wa yarinyar ta buɗe baki. Ta buɗe, tana sunkuyar da ido don ita ma tana jin nauyinsa. Haƙoranta duk sun yi ja.

Ya shiga ciki ya rubuta takarda. Da ya fito sai aka ce masa ɗan saƙon da ke da doki ya tafi rakiyar rangadi, sai jibi. Ana cikin wa zai je, wa zai je, sai wani ya ratso mutane ya miƙo hannu. Illa ne, ya zo kasuwa kamar kullum.

Ya ce, "Kawo, Majo. Na san hanyar, na san ƙofar lokotoro. Wannan karon ba kwana, ko goɗiyar za ta mutu."

Dawuda ya ce, "Malam Illa, bari a nemi wani."

"Wa ya fi ni? Ba ni in tafi, rana na yi."

Ya karɓe takardar ya cusa a hula. Har ya sa ƙafa a likkafa, Dawuda ya kira shi. "Malam Illa, tsaya."

Illa ya waiwayo. Mutum ya fi talatin a rumfar, kowa yana jira. Maganar ta zo wa Dawuda har maƙogwaro. In ya faɗe ta yanzu, ya faɗa wa Illa a gaban jama'a yadda ɗansa ya mutu, kuma ya faɗa ne ranar da abin ya zo kan tasa 'yar.

Ya ce, "Ka riƙe ruwa a salka."

Illa ya yi dariya kaɗan, ya ce ya riƙe. Ya sakar wa goɗiyar linzami ya bi hanyar Kance.

Yinin nan Dawuda ya yi duk abin da doka ta yarda masa. Ya canza ɗauri, ya matse tsagar, ya sa aka dama kunu. Duk aikin banza ne kuma ya sani. Tsakanin ɗauri da ɗauri yakan fita rumfa ya ci gaba da ɗiga wa mutane maganin ido, har wasu suna yaba masa, wai Majo namiji ne, dubi ko a jikinsa. Rahamatu kuwa, da yake kaka ba ta da wannan takunkumi, ta yi kukanta, ta yi faɗanta.

Ta ce, "Kai Dawuda, karatun da ka yi na mene ne? Ka bar ni da noma ka bi Nasara, yau ga ranarka ta zo kana jiran takarda?"

Ya ce, "Inna, a yi haƙuri, an tafi karɓowa."

Washegari da safe ƙafar ta kumbura har cinya. Jini ya fara fitowa daga wani tsohon tabo a goshinta, na faɗuwar da ta yi tana ƙarama. Dawuda ya tsaya ya yi lissafin da ba ya so ya yi. Inusa saurayi ne ƙaƙƙarfa, ya kai asubar kwana na huɗu. Baiwa ba ta kai rabinsa ba, kuma ta kwana guda a Dawce tana zubar da jini kafin a kawo ta. Illa ko tashi sama yake yi ba zai dawo ba sai gobe da la'asar. Yarinyar ba za ta kai ba.

Habi ta zo da azahar, da ƙwaryar kunu. Tun jiya take zuwa ta tsaya a bakin ƙofa, ta tambayi surukarta, "Yaya mai jiki?" kamar 'yar maƙwabta ce ke kwance, ta juya. Yau ma ta tsaya. Sai yarinyar ta yi tari, jini ya biyo, ya ɓata zanen kakarta. Habi ta ajiye ƙwaryar a ƙasa, ta shigo ciki, ta tura ƙyaure.

Ta ce, "Maigida, zan tambaye ka abu guda, ka ba ni amsa tsakaninka da Allah."

Ya ɗago ya dube ta.

"Abin da gari ke faɗa, wai maganin can ba ya ci sai da izini. Gaskiya ne?"

Ya dubi uwarsa, ya dubi ƙasa. Shekara goma sha huɗu suna tare, Habi ba ta bukatar ya buɗe baki. Ta dafe ƙirji ta ce, "Innalillahi." Ya san Inusa ta tuna. Sannan ta matso kusa da shi, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar suna.

Ta ce, "Baiwa ce fa. Baiwa ce kwance nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. In kaso ne ka tafi, ni zan riƙa kai maka tuwo har Damagaram."

Ya ce, "Ba kason ba ne kaɗai, Habi. Wani an yi masa ya faɗi nan take. In da hannuna..."

"In ba ka yi ba fa?"

Ya ɗauki almakashin da yake yanka ɗauri da shi. Igiyar ba ta da wani ƙarfi, sau ɗaya ya datse ta, jan danƙon ya faɗi ƙasa ya rabe biyu. Abin da ya tsare shi shekara guda ke nan, ko ɗaurin akuya ya fi shi wuyar kwancewa. Ya tafasa allura, ya fasa kan kwalba, ya zuƙe. Rahamatu ta riƙe kan jikarta, Habi ta riƙe hannun. Ya yi bisimilla ya soka.

Suka zauna suna kallon ƙirjinta. Ta yi zufa, ta yi rawar sanyi, jikinta ya yi ruɗu-ruɗu, har Rahamatu ta fara salati da ƙarfi. Sannan abin ya lafa. Kafin la'asar ya ƙara mata kwalba ta biyu, da magariba ta uku. Da gari ya waye ya kwance tsumman ƙafar, ya tarar tsagar wanzami ta kama, jini ya daskare a bakinta baƙi ƙirin. Ya sa ta tofa yawu a ƙoƙo, ya fito fari. Ta ce wa kakarta tana jin yunwa.

Dawuda ya fita bayan ɗaki inda ba mai ganinsa, ya jingina da katanga ya yi kuka kamar yaro. Da ya gama ya wanke fuska, ya dawo ya kwashe kwalaben uku da ba kome a ciki, ya jera su a kan akwatin tare da gutsattsarin hatimin. Ba zai ɓoye wa lokotoro ba. Ya naɗe rigar aikinsa ta biyu ya ajiye a gefe, don in an zo tuɓe shi kada a sha wahalar nema. Wannan duk ya shirya masa, har wani sauƙi yake ji a ransa. Abu guda ne bai shirya masa ba, kuma yana tafe a hanyar Kance.

La'asar sakaliya Illa ya shigo gari, a ƙasa. Goɗiyar ta faɗi bayan Kance ta kasa tashi, ya bar ta a hannun wasu Fulani ya ƙarasa da gudu. Ƙafafunsa sun fashe, leɓɓansa sun bushe sun tsage, idonsa jawur don kwana biyu bai runtsa ba. Tun daga bakin kasuwa yake ɗaga hularsa sama yana kira.

"Majo! Majo! Ga ta! Ban kwana ba, wallahi ban kwana ba!"

Dawuda ya fito rumfa. Illa ya zaro takardar, ta jiƙe da gumi, ya danƙa masa da hannu biyu.

Ya ce, "Na tarar da lokotoro yana cin abinci, na ƙi tashi daga ƙofar. Ko zama bai yi ba ya sa hannu. Tana da rai? Ka ce mini tana da rai."

Dawuda ya ce, "Tana da rai."

Illa ya zube a ƙasa ya yi sujada. Ya ɗago yana dariya, hawaye na bin ƙurar fuskarsa. "Alhamdu lillahi. To yi sauri, Majo, me kake tsaye? Je ka yi mata."

Kafin Dawuda ya sami abin cewa, Rahamatu ta fito da moɗa cike da ruwa. Ita ba ta san abin da aka taɓa gaya wa mutumin nan ba, murna ce kawai ke cinta.

Ta ce, "Sannu, bawan Allah, sannu da wahala. Sha ruwa. Ai tun jiya da azahar ya yi mata, har uku. Leƙa ka gani, ga ta can zaune tana shan kunu."

Illa ya karɓi moɗar bai sha ba. Ya miƙe a hankali ya je bakin ƙofa. Ya ga yarinyar jingine da bango, ƙoƙo a hannunta. Ya ga akwatin a buɗe, da igiyar a yanke, da kwalabe uku a jere. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya juyo.

Ya ce, "Jiya da azahar?"

Dawuda ya ce, "I."

"Jiya da azahar ina ƙofar lokotoro. Bai sa hannu ba sai da la'asar."

"Haka ne."

"Kuma ya ci."

Dawuda ya ce, "Ya ci, Malam Illa." Ya sake cewa, "Yana ci. Ko bara ma da ya ci. Tsoro na ji, na yi maka ƙarya."

Dawuda ya so a ce Illa ya zage shi, ko ya shaƙe shi, ko ya tara masa gari. Da ya yi haka da an sami abin riƙewa, da masu ba da haƙuri sun sami aiki. Illa bai yi ko ɗaya ba. Ya sunkuya ya ajiye moɗar a ƙasa a hankali don kada ruwan ya zube, ya mayar da hularsa.

Ya ce, "Allah ya ƙara mata sauƙi."

Ya yi taku uku ya tsaya, bai waiwayo ba.

Ya ce, "Tun bara uwar Inusa ba ta haɗa ido da ni, don na ce mata ni ne na yi barci a hanya. Na roƙe ta gafara har na gaji. Yanzu in na isa gida, Majo, me zan ce mata?"